Daga Bebeji Zuwa Kasuwar Hannun Jari: Me Ya Sa Kasuwancinmu Ke Mutuwa Da Mai Shi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu. Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihu.

Ka shiga kowane gari a yankinmu, ko Yako, ko Kiru, ko Bebeji, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ka tambayi dattawa waye mai kuɗin garin shekara 40 da suka wuce. Nan take za su ba ka suna, su lissafa maka motocinsa da shagunansa da mutanen da ya kai Makka. To ka sake tambaya, ina kasuwancin nasa yake yau? Sau da yawa amsar ɗaya ce: "Ai tunda Alhaji ya rasu aka raba, shi ke nan." Gidan yana nan, 'ya'ya suna nan, wasunsu ma sun fi uban karatu, amma kasuwancin an binne shi tare da mai shi.

Wannan abu yana damuna, don ba mai gidan kaɗai ke tafiya ba. Direbobi, 'yan dako, yaran shago, manoman da yake ba bashin taki, duk sai su koma neman wani ubangidan. Kowane zamani sai mu fara daga farko.

A jami'o'in duniya akwai fanni guda da aikinsa ke nan, nazarin tsarin riƙon kamfani. Wato waye ke da dukiyar, waye ke juya ta, waye ke sa ido a kan mai juyawar, kuma me zai faru ranar da babu mai ita. A 1932 wasu Amurkawa biyu, Adolf Berle da Gardiner Means, suka nuna cewa a manyan kamfanonin Amurka masu dukiya daban, masu tafiyar da ita daban. A 1976 Michael Jensen da William Meckling suka zurfafa maganar: duk wanda ka damƙa wa dukiyarka yana da nasa buƙatun, kuma ya fi ka sanin abin da ke faruwa a shago. Mu dai a nan matsalar maigida da yaronsa muke ce mata. Duk wanda ya taɓa ba wani babur ko Keke Napep ya yi masa haya ya san ta ba sai an karanta masa ba.

Abin da nake so mu gani shi ne, kakanninmu sun yi fama da wannan matsalar tun kafin a haifi waɗannan masana, kuma sun samo mata magani. Maganin ya yi aiki ƙwarai, sai dai yana da iyaka. Labarin kuwa a ƙofar gidanmu ya faro, a Bebeji.

A ƙarni na 19, fataucin da ya fi kowanne kawo kuɗi a ƙasar Hausa shi ne na goro daga Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Goron a dazukan Asante ake samunsa, a kawo shi kasuwar Salaga, fatakenmu su je da kanwa da tufafi da kayan fata su dawo da shi a bayan jakai. Tafiyar watanni ce zuwa da dawowa, wani lokacin ta lashe kusan shekara. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa Caravans of Kola na 1980, ya nuna cewa rukuni uku ne suka fi riƙe wannan fatauci: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa asalinsu daga ƙasar Azbin suka gangaro, suka bazu a ƙasar Katsina da Kano, kuma Madobi da Bebeji na cikin garuruwan da suka kafu sosai.

Ka dubi ayari da kyau, za ka ga kamfani ne mai tafiya da ƙafa. Akwai madugu, shi ne shugaba, shi ke magana da sarakunan hanya, shi ke daidaita kuɗin fito da gaisuwa, shi ke raba gardama. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da masauki. Akwai uban dawaki. Akwai malamin ayari, mai addu'a da duba ranar tashi, kuma mai alƙalami idan ana buƙatar rubutu. Kowa da jarinsa da kayansa, amma kuɗin tsaro da na hanya ana raba shi gwargwadon kayan kowa. Sannan ga abu mafi muhimmanci: ba dole a bi madugu. Wanda ya cuci mutane bana, baɗi zai tashi ya ga babu kowa a bayansa. Wannan shi ne zaɓensu, shi ne kuma kotunsu.

To jarin fa? Attajiri yana zaune a gida ya ba yaronsa kaya ko kuɗi ya tafi Gwanja, in ya dawo a raba riba. A fiƙihun Malikiyya ƙiradi ake ce wa wannan, kuɗi daga wani, wahala daga wani. Amma ka yi tunani, yaro ya yi wata takwas ba ka gan shi ba, babu waya, babu banki, babu ɗan sandan da zai kamo maka shi daga Salaga. Me zai hana ya gudu, ko ya dawo ya ce 'yan fashi sun tare su?

Abin da ya hana shi ne kusan duk rayuwarsa a hannun jama'arsa take. Maigidan ne ya rene shi, shi zai yi masa aure, sau da yawa ma daga cikin dangi. Matarsa da 'ya'yansa suna gida. A kowane zango kuma akwai mai masauki da ya san ubangidansa, shi ke ajiye kaya, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa idan za a ba shi bashi. Labarin cin amana yana riga mutum isa gari. Wanda ya ci amana sau ɗaya ya rasa jari, ya rasa masauki, ya rasa matar aure a tsakanin Agalawa tun daga Kano har Gwanja.

Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan da ke cinikin shanu da goro a can. Ya tarar ana sayar wa mahauta shanu bashi, kuɗi masu yawa, babu takarda babu lauya. Maigida ne ke tsaya wa cinikin, in mahauci ya ƙi biya shi zai biya mai shanu daga aljihunsa, don mutuncinsa shi ne jarinsa. Wani masanin tattalin arziki kuma, Avner Greif, ya gano kusan irin wannan tsari a wajen 'yan kasuwar Yahudawan Magrib da ke fatauci a Bahar Rum a ƙarni na 11. Kun ga ke nan ba ƙauyanci ba ne. Duk inda hukuma ba ta isa ta tilasta alƙawari ba, mutane kan gina amana da zumunta da addini da tsoron kunya.

A cikin wannan duniyar aka haifi Alhassan a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ne, mahaifiyarsa Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai kanta. Mahaifin ya rasu Alhassan yana yaro, aka raba gado. Mahaifiyar ta tafi Ankara, babban birnin Gana na yanzu, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan aka samo Ɗantata. Ku lura da wannan wurin. Shi kansa ɗan attajiri ne da ya ga yadda dukiyar gida ke watsewa bayan mutuwar uba. Sannan Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa ya ƙara dagula lissafi. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa an kama shi da 'yan uwansa a rikicin, sai da suka fanshi kansu. Wato bai gaji kamfani ba. Abin da ya gada shi ne suna, da sanin hanya, da mutanen da suka san ubansa.

Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne saurin gane cewa hanya ta canja. Tun bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, ga kuma rikicin da ya wargaza Salaga a 1892, tsohuwar hanyar jakai ta fara mutuwa. Alhassan yana cikin na farkon da suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, daga nan a yo arewa da shi. Kaya ɗaya, masu saye ɗaya, amma lokaci ya ragu, asara ta ragu, kuɗi yana juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Layin nan ne da ya ratsa ƙasarmu ta wajen Ɗangora da Yako. Turawa auduga suka sa a rai, don masaƙun Ingila na neman ta. Amma kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a bincikensa na 1978, manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa tana da kuɗi, in kasuwa ta ƙi kuma a ci abinta. Sai ƙasa ta juya ga gyaɗa. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san manomi ba, ba su jin yarensa, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Waye ya sani? Fataken goro. Mutane irin su Umaru Sharubutu Koƙi da Maikano Agogo suka shiga tsakani. A wajen 1918 kamfanin Neja ya jawo Alhassan Ɗantata, kuma cikin 'yan shekaru ya zarce kowa. Da aka haɗa kamfanoni aka kafa UAC a 1929, shi ne babban mai saya musu gyaɗa.

Dabararsa ba sabuwa ba ce, tsohon tsarin Gwanja ya ɗauko ya ɗora a kan gyaɗa. Ya karɓi kuɗi daga kamfani, ya raba wa yaransa, su kuma su raba wa nasu yaran, har abin ya kai ga mai sikeli a kasuwar ƙauye da manomin da aka ba kuɗi tun kafin kaka. Kowane mataki amana ce ke riƙe da shi. A 1929 da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya, kuma bai karɓi kuɗin ruwa ba. Bai tsaya ga gyaɗa ba: goro, shanu, tufafi, duwatsun ado, filaye da gidaje, sufuri, ko'ina da hannunsa.

Nan ma masana na da magana. A makarantun kasuwanci na Amurka an daɗe ana koyar da cewa kamfani ya riƙe abu ɗaya ya ƙware a kai. A 1997 malamai biyu na jami'ar Harvard, Tarun Khanna da Krishna Palepu, suka ce wannan shawara ba lallai ta dace da ƙasashe masu tasowa ba. Dalilinsu shi ne a irin ƙasashenmu akwai giɓi. Bankin da zai ba ka bashi cikin sauƙi babu, kotun da za ta ƙwato maka haƙƙi da wuri babu, kamfanin sufurin da za ka dogara da shi babu, hanyar tantance ma'aikaci babu. To babban gidan kasuwanci sai ya zama shi ne bankin kansa, shi ne kotun kansa, shi ne makarantar yaransa. Ribar gyaɗa ta sayi mota, motar ta ɗauko goro, sunan gidan ya buɗe ƙofar da baƙo ba zai iya buɗewa ba. Haka gidan Tata na Indiya ya yi tun 1868, kuma a'a, ba su da dangantaka da Tatar Bebeji. Haka Samsung na Koriya, wanda ya fara a 1938 da sayar da busasshen kifi da kayan abinci. Abin da aka rubuta a Harvard a 1997, mutumin Bebeji yana yin sa tun 1920.

To ina iyakar tsarin? Iyakarsa ita ce yawan mutanen da ka yarda da su. Wasu masana, cikinsu har da Nicholas Bloom, sun yi gwaji a masaƙun Indiya, suka buga sakamakon a 2013. Sun kawo ƙwararru suka koya wa wasu masaƙu abubuwa masu sauƙi: rubuta abin da ke sito, lissafin kayan da suka lalace, gyaran inji kafin ya tsaya. A shekarar farko aikin da suke fitarwa ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, sun lura cewa girman kamfani yana tafiya ne da yawan 'yan uwa maza da 'ya'yan mai shi. Mai 'ya'ya uku masaƙa uku, don ba zai iya damƙa wa bare ba. Me ya sa ba zai iya ba? Saboda babu lissafi a rubuce, in bare ya yi sata ba zai gane ba. Wallahi kamar da Kantin Kwari da Dawanau suke magana.

Iyaka ta biyu ta fi tsanani. Duk amanar a kan mutum ɗaya take. Wanda ake bi bashi, wanda ke bin bashi, farashin da aka yi da wane, alƙawarin da aka ɗaukar wa wane, duk a kan Alhaji suke. Ranar da aka kai shi makwanci an kai littafin lissafin ke nan. Masu riƙe da kuɗinsa wasu su yi shiru, masu binsa kuwa su zo da shaidu.

Sai maganar gado, kuma a nan ina so mu yi hankali. Wani masani ɗan asalin Turkiyya, Timur Kuran, ya fitar da littafi a 2011 inda ya ce rabon gado irin na Musulunci da kuma haɗin jarin da ke warwarewa da mutuwar ɗaya daga cikin abokan tarayya sun hana manyan kamfanoni masu tsawon rai tasowa a Gabas ta Tsakiya. Masana da dama sun yi masa raddi. Ni a nawa ganin, ba rabon ne matsalar ba, abin da ake rabawa ne. Idan kasuwanci ba shi da jiki nasa daban da na mai shi, to ranar rabo tirela za a raba, da shago, da injin casa. Wannan ya ɗauki mota babu jarin zuba mata kaya, wancan ya ɗauki sito babu motar kawo kaya, mata da ƙananan yara a sayar da nasu a ba su kuɗi. Kowa ya samu haƙƙinsa, amma abin da ke haifar da kuɗin ya mutu. Idan kuwa kasuwancin kamfani ne mai rajista, hannun jari za a raba. Kowane magaji ya samu kasonsa daidai yadda shari'a ta tsara, mace da namiji, injin kuma bai daina juyawa ba ko na kwana ɗaya. Wanda ke son kuɗinsa ya sayar wa ɗan uwansa.

Alhassan Ɗantata ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma. Abin da aka ruwaito game da kwanakinsa na ƙarshe shi ne ya tara 'ya'yansa da mai riƙe masa lissafi, ya yi musu wasiyyar su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa ya rushe. An raba gadonsa bisa shari'a, amma kamfanin ya ci gaba. Ahmadu ya riƙe, da ya rasu a 1960 Aminu ya karɓa, shi kuma ya rayu har 2025. Sanusi ya gina nasa babban kasuwancin. Abu uku nake gani a nan waɗanda yawancin attajiranmu ba su bari ba. Akwai kamfani mai suna da rajista. Akwai mutumin da aikinsa lissafi ne. Sannan 'ya'yan an sa su cikin harkar tun uban yana raye, kowa ya san sikeli, ya san manomi. Yaron da ya ga dukiyar ubansa ta watse a Bebeji bai yarda tasa ta bi wannan hanyar ba.

Kuma kada a ɗauka hanya ta miƙe musu. Gyaɗar da ta yi dala a Kano ta zo ta faɗi. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa tun shekarun 1940 suka riƙa danne farashin manomi, fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, a 1986 aka rushe hukumomin gaba ɗaya. Wanda gyaɗa kaɗai ya sani ya tafi da ita. Gidan da ya riga ya shiga gine-gine da sufuri da masana'antu ya tsira. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 kuma suka ba masu jari a hannu damar sayen kaso a kamfanonin Turawa.

Daga wannan gidan Aliko Ɗangote ya fito, ɗan Hajiya Mariya 'yar Sanusi Ɗantata. An haife shi a 1957, ya fara kasuwanci a 1977 da jarin da ya samu daga wajen kawunsa, wato dai tsohon tsarin maigida da yaro. Amma a 2010 ya kai kamfaninsa na siminti kasuwar hannun jari ta Legas. Abdussamad, ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u, shi ma ya kai BUA Cement a 2020, da BUA Foods a 2022. Shiga wannan kasuwa na nufin ka yarda bare ya duba littafinka, ka buga ribarka da asararka kowa ya gani, ka zauna da daraktocin da ba 'yan gidanku ba, ka amsa tambayar mai hannun jarin dubu goma a taron shekara. Tafiyar da ta faro da amanar zango ta ƙare a amanar takarda.

Amma fa kada mu yi saurin tafi. Binciken Rafael La Porta da abokansa na 1999 a ƙasashe 27 ya nuna cewa a yawancin duniya iyalai ko gwamnati ne ke riƙe da manyan kamfanoni. A irin wannan yanayi matsalar takan juya. Ba yaro ne ke cutar maigida ba, babban mai kaso ne ake tsoron ya danne ƙanana. Sannan akwai tambayar da masana ke ta muhawara a kai game da manyan gidajen kasuwanci a ƙasashe masu tasowa: nawa ne daga nasararsu ƙwarewa, nawa ne kusanci da gwamnati? Ko a Najeriya, ba za ka ba da labarin siminti ba tare da manufar gwamnati ta 2002 da ta fifita masu kafa masana'anta a gida kan masu shigo da shi ba. Wasu na ganin ita ta mayar da mu masu yin siminti, wasu na ganin ta rage gasa. Duka biyun suna da abin dubawa.

Takarda kaɗai ma ba ta isa ba. Najeriya ta yi dokar kamfanoni a 1990, ta yi ƙa'idojin riƙon kamfani a 2003, Babban Banki ya yi wa bankuna nasu a 2006. Duk da haka ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka zuba naira biliyan 420 don kada kuɗin jama'a su nutse. Waɗannan bankuna suna da daraktoci, suna da masu binciken kuɗi, suna da rahoton shekara mai sheƙi. Abin da madugu ke da shi ne suka rasa, wato sanin cewa in ka ci amana akwai ranar da za ka waiwaya ka ga babu kowa a bayanka. Darasin da na ɗauka shi ne amana ba rubutu tana mutuwa da mai ita, rubutu ba amana kuma takarda ce kawai.

To mu dawo gida. Yankinmu yau ba na goro ba ne, ba kuma na gyaɗa kamar da ba. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Baƙo noman rani ya canja ƙasar nan. Ga shinkafar Tudun Wada da injinan casa, ga masara da rake a Doguwa, ga hatsin da ake lodi a kasuwanninmu zuwa Dawanau da kudu, ga motocin da ke ratsa Kwanar Ɗangora dare da rana. Akwai mutanen da ke juya miliyoyi a nan, da yawansu iyayenmu ne da yayyenmu. Kuma mafi yawansu kuɗin cefane da kuɗin kasuwa aljihu ɗaya suke kwana.

Kai da ka yi karatu, a nan amfaninka yake. Ba cewa na yi ka je ka ce wa Baba tsarinsa ya tsufa ba, wannan rashin kunya ne, kuma ya fi ka sanin kasuwa nesa ba kusa ba. Ka ce masa, "Baba, bari in riƙa rubuta mana wanda muke bi da wanda ke binmu." Ko a littafin makaranta ne, ko a waya. Rubuta bashi ai ba Bature ya kawo shi ba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kansa take. Daga nan a buɗe wa kasuwancin asusun banki nasa daban, shi ma Baban ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka. In abin ya kai, a yi rajista. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa, har mutum ɗaya zai iya kafa kamfani, kuma an ɗauke wa ƙananan kamfanoni wasu nauye-nauye. Sannan maganar da kowa ke gudu, waye zai riƙe bayan Baba. A yi ta yana raye, da malamin da ya san gado a zaune, da iyaye mata da 'yan uwa mata a cikin lissafi, don su ne aka fi cuta idan abu ya rikice. Kuma riƙon ba lallai sai babban ɗa ba. Binciken Bloom da John Van Reenen na 2007 ya nuna kamfanonin da ake miƙa wa babban ɗa don kawai shi ne babba suna cikin waɗanda aka fi tafiyarwa da rauni. A ba wanda ya iya, sauran su riƙe kasonsu su sa ido.

Tsintsiya maɗaurinki ɗaya, haka ne. Amma in maɗaurin mutum ne, ranar da ya tafi za ta watse. Aikin zamaninmu shi ne mu samo maɗaurin da zai fi mu tsawon rai.

Kafin mako mai zuwa ga ɗan aiki. Ka samu wani dattijo a garinku ka tambaye shi attajiran da ya sani yana yaro, da abin da ya faru da dukiyarsu. Ka kuma tambaye shi ko akwai gidan da nasu ya ɗore, da abin da suka yi daban. Ina da yaƙinin amsoshin da za ku samo sun isa a rubuta digiri a kansu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.